Waƙar Goyon Tasalla

Tsohon Birnin Gwari,
Yuli, 1969.

Yayana Ja'afaru,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da aikin tuƙi. Mu nan sai godiya, damina ta yi kyau, amma raina a ɓace yake.

Ka tuna shekarar da rafi ya kwance wa matata Tasalla goyo, ta fito da zane kawai a hannu. Ka tuna 'yan matan unguwa sun mai da abin waƙar gaɗa: Tasalla ta je rafi, ta dawo ba goyo. Dattawa sun tsawatar, amma ƙannensu suka gaje ta, ba su ma san a kan wa aka yi ba. To bara motar wasu makaɗan gita ta lalace a nan, suka yini a gari. Babbansu, wani wai shi Yusha'u, ya ji yara na tafa ta a dandali, ya yi ta dariya, bai tambayi kowa wace ce Tasalla ba. Yanzu ga ta a faifai. Mai shayin bakin tasha na sa ta a garmaho tun safe, direbobi na taka rawa. Rawa fa, Yaya, a kan ɗana!

Tunda kana Kaduna, don Allah ka nemo mutumin nan ka faɗa masa gaskiya. A gai da yara.

Ƙaninka,
Isiyaku.

Satumba, 1969.

Yayana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, wasiƙarka ta iso, Allah ya bar zumunci. Na ji ka ce Yusha'u har hawaye ya yi, ya rantse ya bar waƙar, ya kuma roƙa an daina sa ta a rediyo. Madalla. Ni ma ban zauna ba. Na je wurin mai shayi na taka faifan da ƙafata a gaban kowa, Mai'unguwa kuma ya ce duk yarinyar da ta sake tafa ta, ubanta zai amsa kira. Gari ya yi tsit.

Da na ba Tasalla labari sai ta ci gaba da dakanta. Ka san halinta. Ko ranar da abin ya faru ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ɗan fari ne, da kunya, kowa na yabon haƙurinta. Kwanan nan dai ba ta jin daɗin abinci, ina jin zazzaɓin kaka ne.

Naka,
Isiyaku.

Nuwamba, 1969.

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Mu ba lafiya ba. Tasalla ta kwanta, ta rame kamar kara. Malamin asibiti ya duba, ya ce bai ga ciwo ba.

Maƙwabciyarmu Hauwa'u ce ta tare ni ta wanke ni tas. Ashe duk sa'ad da garmahon nan ya tashi, Tasalla kan ajiye taɓarya ta laɓe a jikin danga har ya ƙare, ran nan kuwa sai ta ci tuwo. Tasalla ta taɓa gaya wa Hauwa'u cewa tun da ruwa ya tafi da yaron ba wanda ya ƙara ambatonsa, ko ni ubansa. Ba kabari, ita kuma ba halin ta kira sunansa. Waƙar banzan nan ce kaɗai ke shaida ta taɓa goyo. Waƙar nan kuwa ita na bi na kashe, har ina buga ƙirji. Kaico, Yaya!

Na roƙi yara su tafa mata, sun watse, tsoron Mai'unguwa suke ji. Jiya da la'asar na zauna bakin tabarmarta, ni da gemuna, na rera mata. Da na zo wurin "ba goyo" sai na tsaya, ita ta ƙarasa a hankali. Ta kurɓi kunu kaɗan, ta mai da fuska bango.

Ka zaga kantunan Kaduna, ko Allah zai sa a sami faifai ɗaya da ya rage. Ka ba direban da zai fara tasowa, kada ka jira na ranar kasuwa. Ina tsoron kada ya iske mun dawo daga maƙabarta.

Ka sa mu a addu'a.

Ƙaninka,
Isiyaku.