Numfashina Ya Yanke a Tsakiyar Aya

Zuwa ga Yaya Rekiya, Tamawa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Baba Malam da Inna. Ya su Raihana? An gama sussukar gero?

Ni lafiya lau nake a nan Tamanrasset ta Aljeriya, aikin gini na tafiya. Sai ɗan tari, ba wani abu ba ne.

Yaya, ƙarya nake yi. Shekara uku ke nan ina shan sigari, ban taɓa faɗa wa kowa a gida ba. Ranar Talata na yi tari a wurin aiki, na ga jini a tafin hannuna. Likita ya ce in daina, in ba zan iya lokaci ɗaya ba in riƙa ragewa. Daga kwali guda a rana na dawo kara bakwai. Wuni nake ina tauna kanumfari.

Sai ga saƙon Baba, wai in dawo kafin azumi in ja masa baƙi a tafsiri, tunda Abdullatif mai ja masa ya koma Kurfi. Jiya na gwada karatu, numfashina ya yanke a tsakiyar aya. Baba ne ya koya mini wuraren tsayawa. In na tsaya inda ba a tsayawa, ba sai an gaya masa komai ba.

Saura wata biyu azumi. Ki sa Inna ta yi mini addu'a, amma kada ki faɗa mata dalili.

Sati mai zuwa kara biyar, in Allah ya yarda. Ban san wanne ya fi ba ni tsoro ba, jinin ko kunnen Baba.

Ƙaninki,
Sabi'u