Inna Ta Hau Mashin

Assalamu alaikum, Yaya Hadiza.

Ina gajiya, ina zaman Ikko? Ya maigidan da ɗiya duka? Mu nan Goronyo lafiya lau, ana ta kwasar albasa.

Albishirinki, Inna ta hau mashin!

Tun da munka baro Shinaka saboda 'yan bindiga masu zuwa bisa mashin, da ta ji ƙarar mashin sai gabanta ya faɗi, ta shige ɗaka ta ja ƙyaure. Mun yi rubutu, mun yi hayaƙi, shiru. Da munka kai ta asibiti Sakkwato, likita ta ce ciwon fargaba ne, kuma yana da magani. Ta ba ta ƙwayoyi, ta koya mata jan numfashi a hankali, ta ce a riƙa saba mata da ƙarar sannu-sannu. Inna ta ce ita ba ta barin rubutunta. Likita ta ce, "Wa ya hana ki, Inna? Haɗa su."

Sai Kawu Bello ya riƙa tada mashin nai bayan katanga da hantsi, ita tana bisa tabarma tana numfashi tana jan tasbaha. Da farko har kuka take. A hankali ya matso ƙofar gida.

Ran kasuwa ya ɗauke ta. Da sunka dawo na ce, "Inna, mi kinka ji?" Ta ce, "Kawunku matsoraci ne, tafiya kamar hawainiya!"

Wata rana abin yakan motsa, don haka ki ci gaba da sa ta addu'a. Gaida kowa. Inna ta ce in kin taho, ita za ta tarbo ki tasha bisa mashin.

Ƙanwarki,
Asabe