Ƙarshen Littafi a Gwangwanin Iya

Bunkure,
Lahadi, 13 ga Oktoba, 2002.

Zuwa ga ƙanwata Raliya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Abdulsamad da yara baki ɗaya. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, Ya kare ku daga hayaniyar Legas, Ya kai mu azumin da ke tafe da rai da imani, amin. Mu a nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwar Iya ta yi sauƙi, har tana zuwa bayan gida wajen ɗan lambunta ba tare da sanda ba, ko da yake in aka ce ta huta sai ta ce kabari na nan don hutawa. Matata Hajara tana gaishe ki, yaran ma duk sun koma makaranta. Shinkafa ta fara nuna, tsuntsaye sun dame mu.

Takardarki da kika ba Ɗanbaba direba ta iso hannuna ranar ashirin ga Satumba. Na karanta ta sau uku. Kin ce in ɗaure littattafan marigayi Yaya Ibrahimu in ba Ɗanbaba ya kawo wa 'yarki Fa'iza, tun da ita ce ta gado shi wajen son karatu, kuma kin ce, cikin wasa ko da gaske ban sani ba, ai a wurina ƙura kawai suke sha. Ban ji haushi ba, domin gaskiya kika faɗa. Ɗanbaba zai tashi jibi Talata, kuma za ki ga littafi ɗaya tak ya riƙo. Kafin ki yi fushi, ki karanta wannan har ƙarshe.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Kwana biyu kafin Yaya ya rasu, kina ɗakin girki, ya nuna mini kantar littattafansa ya ce ya bar mini su, amma kada in mai da su kayan ado, in karanta su. Na ce masa zan karanta. Yau shekara goma sha ɗaya ke nan. Kin san ni da littafin da nake rubuta abubuwan da suka faru kullum. Da takardarki ta zo sai na ɗauko tsofaffin, na duba shafin farko na kowace shekara. Layi ɗaya ne a ciki, ba ya canzawa: bana zan karanta littattafan Yaya. Sau goma sha ɗaya na rubuta shi da hannuna. Abin da nake yi shi ne, duk lokacin da aiki ya lafa sai in ɗauko ɗaya, in karkaɗe shi, in karanta shafi biyu ko uku, sai wani ya yi sallama a kan rabon ruwa, in mayar. Wani lokacin ma ba wanda ya yi sallama. Ina ga tsoro nake ji kada in fara in ga Turancina bai kai ba, in tabbatar da abin da na daɗe ina zargi, cewa Yaya ya ba da ajiya inda ba ta dace ba.

Kwana uku bayan zuwan takardarki aka rufe ruwan magudanarmu ta ban ruwan gonaki domin a yashe ta, aka ce kusan mako uku za a yi. Ni da aikina shi ne buɗe ƙofar ruwa da tsara wanda zai sha yau da wanda zai sha gobe, sai na wayi gari ba abin yi. Na kasa zama. Kullum da sassafe ƙafata sai ta kai ni bakin magudana, in tsaya ina kallon laka da kwaɗi, in dawo. Sai na ce to, ga lokacin da na daɗe ina cewa ba ni da shi. Na sauko da littattafan, guda ashirin da uku ne. Na ja layi a takarda na raba su a kan kwanaki, yadda nake raba ruwa, sai lissafi ya nuna mini ko barci na daina ba zan gama ba. Na yaga takardar. Na zaɓi ɗaya, wanda ke can sama, mai jan bango, labarin mai kwalekwalen nan da wani matafiyi ya ba shi ajiyar akwati ya tafi bai dawo ba. Na san kin karanta shi kina aji uku, don na ga inda kika zana fure a gefen shafi. Na yanke wa kaina shafi goma sha biyar kullum, daga bayan asuba zuwa hantsi, da ƙamus a gefe.

Kwanakin farko wahala ce zalla. Sai in karanta layi in tarar hankalina yana kan gonar Baballe, ko ta bushe. In tashi in sha ruwa, in dawo, in tashi in duba akuya. Hajara ta ce ta ga masu jiran haihuwa ma sun fi ni natsuwa. Amma wajen kwana na shida wani abu ya faru, na daina ƙirga shafuka. Na fara jin haushin mutanen garin da ke zuga mai kwalekwale ya fasa akwatin, har ina yi musu tsaki ni kaɗai a zaure. Ranar Lahadin da ta wuce na kai shafi na ɗari biyu da goma sha ɗaya. Wata mace ta zo bakin kogi, ta ce ita 'yar mai akwatin ce. Na juya shafi, sai na ga bango. Magana ta yanke a tsakiya, ba ko aya.

Raliya, ban san yadda zan kwatanta miki abin da na ji ba. Na girgiza littafin, na leƙa bayan kantar, na ɗaga tabarma. Na ɗauko na biyu, shi ma ƙarshensa babu. Na uku haka. Cikin ashirin da uku, goma sha tara an cire musu ƙarshe, wani falle biyar, wani ya fi ashirin. Guda huɗu ne kawai cikakku, su ne masu rubutun Larabci. Na zargi gara, na zargi ɓera, amma ba ɓeran da ke yanka takarda tsaf kamar da reza. Na tara yara na tsare su da tambaya har ƙaramar ta yi kuka, abin da har yanzu nake jin kunyarsa. Da Hajara ta fito ta ji abin da ake yi, sai ta kama dariya har ta zauna a kan turmi. Ta ce wai ni ban taɓa lura da takardar da Iya ke shanya irin tumatir a kai ba? Ta ce ita ta ɗauka ni nake ba ta.

Kin tuna yadda Iya ke ajiye irinta. Ba ta yarda da na kanti ba, nata take riƙewa tun zamanin Baba. A ƙarshen rani sai ta zaɓi tumatir mafi nuna, ta matse 'ya'yan a kan takarda, ta baza su da yatsa, ta barbaɗa toka ta shanya a inuwa. In sun bushe sun manne, ta jera takardun a gwangwani. Lokacin shuka ba ta ɓamɓarewa, takardar take shimfiɗawa a wurin renon iri yadda take, ta rufe da ƙasa, takarda ta ruɓe iri ya fito. Shekara nawa ina wuce takardun nan a shanye, ban taɓa sunkuyawa na duba ba.

Na je na same ta a ƙofar ɗakinta tana tsince wake. Na gaishe ta, na tambaye ta a hankali ko ita ke ɗibar takarda a kantar littattafan. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce ita ce, amma kada in damu, ba ta taɓa cire wanda ban karanta ba. Ta ce tana kallona duk shekara, in ɗauko littafi in karanta na farko-farko in ajiye, shi ya sa take jira in fita ta zare waɗanda na gama da su kawai, ta bar mini na gaba. Masu sunan Allah kuwa ko taɓa su ba ta yi. Sai ta karɓi jan littafin daga hannuna don ta nuna mini. Ta yi bisimilla, ta buɗe shi ta hannun dama, yadda take buɗe Alƙur'aninta. A wurinta nan ne farko.

Na buɗe baki zan yi magana, sai ta ci gaba. Ta ce takardar yayanku, kin san ba ta kiran sunansa, ba ta da kama, tana da kauri, iri ba ya funfuna a kanta. Ta ce duk shekarar da ta shuka da ita tumatir ba ya ba ta kunya, ita dai tana ganin har yanzu yana taya ta noma. Tana faɗa tana shafa bangon littafin da tafin hannu. Na ce mata madalla, na tashi.

Kwana biyu na yi ina kai da kawo. In fita bakin magudana in dawo, in ɗauki littafin in sake karanta shafin ƙarshe ko zai ƙaru. Na rubuta a littafina cewa laifin Iya ne, na soke. Na rubuta laifina ne, ban soke ba. Da na karanta su lokacin da na ce zan karanta, da ba abin da ya ɓace. Ƙarshen littattafai goma sha takwas sun shiga ƙasa, sun zama tumatir, mun cinye su a miya. Har ke ma kin ci, don kusan duk rani ina aiko miki da kwando.

Na ce goma sha takwas, domin ran Laraba wani tunani ya zo mini. Jan littafin shi ne a sama, wataƙila shi ta yanka a ranin da ya wuce, kuma bana ba ta shuka ba tukuna, tana jiran a sako ruwa. Na je na ce mata bari in duba mata irin ko ƙwari sun shiga. Ta miƙo gwangwanin. Suna ciki, falle shida, daga shafi na ɗari biyu da goma sha biyu har ƙarshe, gefe ɗaya fes, ɗaya gefen cike da iri da toka. Na zauna nan ƙofarta na kwafe su cikin littafina, safiya biyu, ina tsinto haruffa a tsakanin 'ya'yan tumatir. Iya tana ta yi mini dariya, wai duba ƙwari har da alƙalami, boko bai bar komai ba. Inda iri ya rufe harafi ɗaya ko biyu na cike da hankalina. Amma a shafin ƙarshe iri ya dunƙule wuri ɗaya. Matar ta buɗe akwatin, ta dubi mai kwalekwale, ta faɗa masa wani abu da bai fi kalma biyar ba, shi ne layi na ƙarshe, kuma yana ƙarƙashin dunƙulen. Na gwada gefe da farce, rubutun ya taso tare da irin. Na ɗaga shi a rana, ban ga komai ba. In na jiƙa shi kuwa sai na yi wa Iya bayanin dalili.

Ran Juma'a aka sako ruwa. Jiya da safe muka je wurin reno ni da ita. Ni na shimfiɗa takardun da hannuna, na bar ta ƙarshen a kusa da ni. Na ce bari in fara yayyafa ruwa kafin a rufe, ina fata dunƙulen zai saki. Na durƙusa ina zuba masa da ƙwarya kaɗan-kaɗan, har ya fara motsi. Sai Iya ta ce wannan wane irin aiki ne, rana tana yi, ta damƙo ƙasa ta watsa a kai.

To ga jan littafin nan. Na kwafe ƙarshen da rubutu mai kyau na ɗinka shi a ciki, na bar fili a layin ƙarshe. Sauran ki ba ni lokaci. Duk wanda na gama zan ba Ɗanbaba, ko ba ƙarshe, ke kya ba Fa'iza abin da kika tuna. Na fara na biyu yau, duk da ruwa ya dawo kuma mutum huɗu sun yi sallama kafin hantsi. Iya kuwa na ba ta tsohon littafina na shekarar casa'in da uku. Ta murza takardar, ta ce za ta yi maneji, amma ba ta kai ta yayanku ba. Ina roƙonki don Allah, in kin zo da Sallah kada ki tayar da zancen nan a gabanta, ko da wasa. Na san bakinki.

Ki gaishe mini da Malam Abdulsamad sosai, da Fa'iza, da Uba, da Ruƙayyatu 'yar auta. Iya ta ce a gaya miki ki daina aiko mata da maganin shafawa mai wari, goro take so. Hajara da yara suna gaisuwa, haka ma Baballe da Laraba maƙwabciyarmu, wadda kullum sai ta tambaye ki.

Abu na ƙarshe. A littafina na jiya na rubuta: na gama ɗaya, saura kalma biyar. In kin tuna abin da matar nan ta ce wa mai kwalekwale, ki rubuto mini, kada ki jira Sallah. In kuma kin manta, kada ki ƙirƙira don ki faranta mini, zan gane. Ki dai ce kin manta, ni kuma in jira tumatir.

Wassalam. Ni ne yayanki,
Muntari.