Jirgin Baban Surayya

Assalamu alaikum Anti Kulu. Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle, kuma damuwar tawa idan na faɗa wa matan unguwa dariya za su yi mini. Ki yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai yi nisa ba.

Ina cikin takabar maigidana, Baban Surayya, Allah Ya jiƙansa. Ciwon ƙoda ne ajalinsa. Mu 'yan Runka ne, amma tun da hanya ta lalace, gona ta gagari shiga, muka tattaro muka dawo Batsari inda yake aiki a sakatariya. Tun yana yaro ba shi da buri sai tuƙin jirgin sama, Allah bai nufa ba. Sai abokin aikinsa Luka ya sa masa wata manhaja a kwamfuta, wadda mutum zai tuƙa jirgi yana zaune a ɗaki, ƙasa tana wucewa a ƙarƙashinsa kamar gaske. Manyan jiragen da suka zo da ita ba su burge shi ba. Daban ya nemo wani ƙarami ya ƙara a ciki, mai farfela ɗaya, irin mai dakon kaya da magani, wanda ko a filin ƙwallo zai sauka. Yakan ce wannan ne a-kori-kurar sama, shi ya dace da talaka.

Bayan la'asar, idan sola ta cika batir, sai ya zaunar da ni gefensa, wai ni ce kwandasta. Sai ya tambaye ni ko na ɗaure buhunan takin da kyau kafin mu tashi. Mu tashi daga Katsina, mu bi ta kan Batsari, mu karkata kudu. Ya nuna mini rafin da muke wanki, da wani ɗan wuri kore da ya rantse gonar geron babansa ce. Ni kuma in ce ta maƙwabta ce, mu yi ta musu har tuwo ya kusa ƙonewa. Anti, shekarun nan duk da tsadar abinci da fargaba, a nan kaɗai muke zuwa gida.

Ya koya mini tashi da riƙe sandar tuƙin. Sauka kuwa ya ce sai ya samu sauƙi.

Bayan an watse daga zaman makoki, wata rana kewa ta ishe ni, na kunna kwamfutar. Yanzu kusan kullum sai na je Runka. Tunda ban iya sauka ba, sai in yi ta kewaya garin har batir ya mutu. Shekaranjiya surukata, Inna, ta shigo ta tarar da ni. Ta ce mai takaba ko ƙofar gida ba ta leƙawa sai da lalura, ni kuma ga ni har Runka, ina wasa ƙasar kabarin ɗanta ba ta bushe ba. Ta aika wa Sule, ƙanin marigayi, ya zo ran kasuwa ya ɗauki kwamfutar a sayar a zuba cikin gado.

Shin na ɓata takabata ne, sai na sake daga farko? Kuma yaya zan yi kada a raba ni da jirgin nan ba tare da na saɓa wa Inna ba? Wallahi ba ta taɓa cuta mini ba.

Kwandastar marigayi, Batsari.

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya gafarta wa Baban Surayya, Ya ba ku haƙuri. Ni dai ban yi dariya ba.

Ki kwantar da hankalinki a kan takaba. A iya sanina, ƙafarki ba ta bar ɗakinki ba, kallon hoton gari kuma ba tafiya ba ce. Amma maganata ba za ta gamsar da Inna ba, don haka ki sa Sule ya tambayi limamin unguwarku, ya kawo muku amsar ku biyu tare.

Ita ma Inna ki dube ta da idon rahama. Ke kin ga maigidanki a jikin allon nan, ita kuwa ta ga matar ɗanta tana wasa, kuma tana tsoron bakin mutane. Tana da gaskiya a wuri guda: kwamfutar kayan gado ce, ita da Surayya suna da haƙƙi a ciki. Kada ki ɓoye ta. Ki roƙi Sule a yi mata kima a sa ta cikin rabonki, ba sai ta je kasuwa ba. Luka kuma ya adana jirgin a wani wurin ko da kwamfutar za ta lalace.

Kafin ran kasuwa, ki ba Inna haƙuri, sannan ki roƙe ta ta zauna inda kike zama da. Ita ma 'yar Runka ce, ta fi ki daɗewa tana kewar garin. Ki kai ta kan ɗan koren wurin nan, ki gaya mata musun da kuke yi, ki ce ta raba gardama. Ta fi kowa sanin gonar mijinta.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai, wato kewayen da kike yi har batir ya mutu. Ki rage shi zuwa sau ɗaya ko biyu a mako, Surayya tana bukatarki a ƙasa. Idan kin fita takaba, ki nemi Luka ya koya muku sauka ke da Surayya. Za ki faɗi sau da yawa, babu wanda zai ji ciwo. Ranar da kika ajiye jirgin lafiya a bakin gonar, ki yi wa direban addu'a, ki kashe kwamfutar da hannunki, ki tashi ki ɗora tukunya.

Allah Ya kawo zaman lafiya, Ya mai da ku Runka da ƙafafunku.

Taki, Anti Kulu.