Baba Ya Ƙi Barin Bakin Tanderu

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina fatan kana lafiya. Ya Anti Rabi da yara, ya aiki, ya zaman Fatakwal? Mu nan Sharaɗa da sauƙi, amma hankalina ba a kwance yake ba.

Ranar Talata da hantsi Baba ya yanke jiki ya faɗi yana fitar da burodi daga tanderu. Malam Ado mai shayi, da ya zo ɗaukar nasa, shi ya kai shi asibiti. Likita ya ce hawan jini ne, dole ya bar aikin wuta.

Kwana biyu kacal ya huta. Jiya na tarar da shi yana kwaɓa fulawa. Na ce, "Baba, kun manta maganar likita?"

Ya ce, "Hadiza, to ma'aikatan kamfani da me za su karya?"

Ya ci gaba da kwaɓinsa, Yaya, da idona na gani.

Inna ta yi kuka, maƙwabta sun roƙe shi, ya ƙi. Maganarka kaɗai yake ji. Don Allah ka kira shi, amma kada ka ce ni na gaya maka.

Ku sa shi a addu'a. Ka gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Hadiza