Zuwa ga Lawali, Mai Tsaron Ragarmu

Assalamu alaikum, Lawali. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da sauran mutanen gida a Damagaram.

Na san ka hana a yi maka zancen wasan nan. To, na gaji da shiru. A fili zan rubuta, kowa ya karanta.

Ka tuna ranar da muka fara riƙe sandar lakros a filin jami'a a Lyon? Sanda mai 'yar raga a baki, a cafe ƙwallo da ita a jefa. Muka shiga bus da ita zuwa unguwarmu ta Minguettes, 'yan'uwanmu na dariya, wai kamun kifi za mu. A ƙungiyar ma wani ya ce wasan 'ya'yan masu hali ne, ba namu ba. Ka sa hular kwano ka tsaya a raga, ƙwallo mai taurin dutse ta yi ta dukan ƙaurinka har ya kumbura. Washegari kai ka fara zuwa filin.

Kai ka kai mu wasan ƙarshe na gasar jami'o'i a Paris, ba wani ba. Saura 'yan kwanaki a yi wasan aka ƙi sabunta maka takardar zama, aka ce ka bar ƙasar. A filin jirgi ka ce mini, "Haruna, kada ku fake da ni."

Ba wanda ya yarda ya shiga ragar, sai ni, ni da nake rufe ido in ƙwallo ta taho. Ranar wasan, Alhaji Isa mai shago a unguwar Goutte d'Or ta Paris ya rufe shagonsa ya kwaso mutane zuwa filin. Ba su san dokar wasan ba, ihu kawai suke, sunanka suke kira.

An cinye mu da ci ɗaya, ta tsakanin ƙafafuna ta wuce. Ban ji kunya ba, har yau ban ji ba.

Abin da ba zan lamunta ba shi ne wanda ƙanwarka ta gaya mini: wai kana cewa ka je Faransa ka dawo hannu banza. Ƙarya kake, ɗan'uwana. Lambar azurfar da aka rataya mini tana hanya, na ba ɗan Alhaji ya kawo maka. Taka ce. In ka mayar, zan sake aikowa.

Allah ya buɗa maka inda ba mai ikon rufewa, ya ƙara wa Inna lafiya, ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Haruna