Katangar da Na Yaɓe

Dabaga, cikin sanyi, 1985

Zuwa ga matata Fulera,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ɗiyarmu Tabawa, tarin ya sake ta? Ki gaida Inna da Baba Alhassan, ko da ba zai amsa ba.

Kin dai ji yadda aka yi. Sojoji suka zo tashar Agadez suka kwashe duk marar aiki, suka zuba mu a kamiyo, babbar motar kaya, wai a tafi noman rani. Ni da na yi karen mota har Arlit da Bilma, yau ga ni ina ɗaukar dutse ana biyana da jar dawa.

An haɗa ni da wani tsohon Buzu, Illo. Katanga muke ginawa tsakanin garake, wato lambuna, da ƙorama, don kada ruwa ya sauko daga duwatsu ya cinye ƙasar mutane. Ruwan da aka manta kamarsa saboda fari! Ginin kuwa babu laka, babu siminti. Manya a ƙasa, kowane dutse ya hau kan biyu, ƙanana a cusa a tsakiya. Kafin Illo ya gama jujjuya dutse ɗaya na aza biyar. Sai ya zo ya taka nawa, wanda ya motsa ya ture shi, ko kallona ba ya yi. Yatsuna duk sun fashe. Duk motar da ta yi arewa sai na bi ta da ido, ƙafata tana ƙaiƙayi.

Abu ɗaya ya riƙe ni. An ce wanda ya gama rabonsa, ƙasar da ke bayan katangarsa tasa ce. Babanki ya rantse ba za ki dawo hannuna ba sai na zauna wuri guda da abin ciyar da ku. To ga wurin ya samu. Kewarku ta ishe ni, Fulera, ba na ɓoyewa.

Naki,
Nomau

Dabaga, bayan sallar azumi

Fulera,

Barkanku da sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fata kowa lafiya.

Na san Baba ya ba ki labarin zuwansa, amma ki ji nawa. Da saƙo ya iso cewa zai zo ya gani da idonsa, sai na nufi bakin ƙorama. Na tsaya gaban katangata ina kallonta da idon Baba, mutumin da ya tsufa yana gini da yaɓe a Agadez. Ramuka ko'ina, kana hango garka ta cikinsu. A garinmu katangar da ba a yaɓe ba ai ta gidan da babu namiji ce. In ya gan ta haka, cewa zai yi na sake barin aiki a rabi.

Illo ya tafi Timia biki. Sai na kwaɓa laka da kashin jaki yadda muke yi a gida, na toshe kowane rami, na shafe ta sumul ciki da waje. Baba ya zo ya shafa ta da tafin hannu daga wannan kai zuwa wancan, ya gyaɗa kai. Tun da na aure ki ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar. Ya ce bayan layya ku taho.

Illo da ya dawo ya ce in kankare lakar maza, wai dole a bar wa ruwa hanya. Na ce to. Amma hannuna ya ƙi, ina so ke ma ki gan ta haka tukuna. Na shuka masara, ta fito. Yanzu kwanakin ne suka ƙi tafiya.

Mijinki,
Nomau

Dabaga, gab da layya

Fulera,

Ina gaishe ku. Ni lafiyata ƙalau, kada hankalinki ya tashi. Amma ki kwance kayan da kika ɗaure.

Ruwa ya zo ranar Laraba da la'asar. Ko ɗigo bai sauka kanmu ba, can kan duwatsu aka yi shi, sai ƙara muka ji. Mata suna guɗa, tsofaffi suna kuka don murna. Ina tsaye kan tudu ina kallo. A katangar kowa ruwan ya riƙa tsiyaya ta ramuka, ya shiga garake a hankali. A tawa bai sami ƙofa ba. Ya taru, ya hau, ya yi ta turawa, sai ta kife gaba ɗaya. Masarar ta tafi, ƙasar ma ta tafi. Tsakuwa ce zalla a wurin yanzu, ko ƙaya ba za ta fito ba.

Illo bai ce mini ai na faɗa maka ba, da ma ya faɗa da na fi jin sauƙi. Ya ce in na sake gina ta yadda ya kamata, ruwan zai riƙa wucewa yana ajiye laka a bayanta, har ƙasa ta dawo. Na tambaye shi yaushe. Ya ce damina uku, ko huɗu, in ana ruwa.

Jiya wani direba da na sani ya tsaya, yana neman yaron mota. Na hau, Fulera, ba zan yi miki ƙarya ba. Har mun wuce shingen sojoji na buga masa ƙofa ya tsaya, na sauka na dawo da ƙafa.

Na tono duwatsuna daga cikin yashi, na soma aza na ƙasa. Ki faɗa wa Baba gaskiya duka, har da shekarun. Shi na san abin da zai ce. Amsarki nake jira, ko za ki iya jirana har ƙasar ta taru.

Naki har kullum,
Nomau